"Za mu kawo ruwa": wace unguwa, yaushe, da wane kuɗi?

Jama'a, ku saurari wannan magana da kyau: "Za mu inganta rayuwar talaka." Wace jam'iyya ce ta faɗe ta? Kusan dukkansu. Kuma ba ranar da za a tsare wani a ce masa ya saɓa, domin ba a faɗi abin da za a auna ba.

Mu koma 1979. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ce za ta soke haraji da jangali. Ba wani ƙunbiya-ƙunbiya. Manomin da dagaci ke karɓar harajinsa ya san abin da ake nufi, Bafillatanin da ake ƙirga masa shanu ya sani. Da Abubakar Rimi na PRP ya hau kujerar gwamnan Kano, aka soke su. Da bai soke ba, da ko yaron da ke talla a kasuwar Kurmi ya gane an yi ƙarya. Irin wannan alkawarin yana ɗaure wanda ya yi shi, shi ya sa 'yan siyasa da yawa ke kauce masa.

Dubi maganar ruwa. A Dala, Gwale, Kurna, mutane sun daɗe suna dogara da 'yan garuwa. Ɗan takara zai ce zai magance matsalar. To, matatar Tamburawa zai faɗaɗa ko ta Challawa? Tsofaffin bututu zai canza? A cikin wata nawa? Jihar nan ƙananan hukumomi 44 ce, da wacce za a fara? Ni dai abin da ya fi ci mini rai shi ne, mu kanmu ba ma tambaya. Ana kiɗa, ana tafi, a watse.

Doka ma ba ta matsa musu ba. Sashe na 224 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce manufofin jam'iyya su dace da Babi na 2, wanda ke maganar ilimi, lafiya da walwalar jama'a. Amma sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati aiwatar da wannan babi.

Don haka inda ake gane gaskiyar alkawari shi ne kasafin kuɗin da gwamna ke kai wa majalisar dokokin jiha duk shekara. Ko an yi shi gaban dubban mutane a filin wasa na Sani Abacha, in ba a rubuta sunan aikin da adadin kuɗinsa a kasafin ba, ba a ware masa ko kwabo ba.