Laccar malamin gona ga manoman rani a Kadawa: ciwon da feshi ba ya warkarwa

Jama'a assalamu alaikum. Alhaji na baya kana ji na? To madalla.

Tun abin da sharon, tsutsar nan mai cinye tumatir, ta yi mana a 2016, yanzu manomi da ya ga ganyen tumatir ya canza sai shago, a auno magani. To akwai ciwon da ko buhun kuɗi ka ƙarar a feshi ba zai tashi ba, sunan ƙwayar fitoplazma, masana a Japan ne suka fara gano ta a 1967, kafin nan ana zaton bairos ce. A cikin jijiyar da ke kai abinci daga ganye zuwa saiwa take zama, kai kuma kana wanke ganye ta waje, ina maganin zai same ta?

Ku duba wannan reshen da ke hannuna. Furen ya kumbura, ya zama kore, maimakon ya ɗaura ɗa sai ya koma ganye, kan shukar ya miƙe tsaye ya yi shunayya, rassa cunkus kamar tsintsiya. In ma ya yi 'ya'ya ƙanana ne masu tauri, dillali ba zai kalle su ba. 'Yan uwanmu na Jigawa masu noman riɗi, in kun taɓa ganin furen riɗi ya rikiɗe ya zama ganye, dangin ciwon nan ne.

Dankalin turawa shi ma haka, ganyen sama ya naɗe ya yi ja-ja, wani lokaci ka ga ƙananan dankali sun fito a jikin kara a sama, na ƙasan kuma in ka ajiye iri tsironsa siriri ne ba ƙarfi. Shi ya sa masu sayo iri daga Jos nake cewa a bar shi ya tsiro tukuna a gani.

Mai yaɗa ƙwayar cutar wani ɗan ƙwaro ne a bayan ganye, kana taɓawa ya tuma, ya tsotsi mara lafiya ko ciyawar bakin kwalbati ya kai wa mai lafiya. Shi ake wa feshi, tun a wajen reno kafin dashe. Wadda ta kamu kuwa a tuge ta a ƙone, kar a ce bari mu ga ko za ta farfaɗo, wallahi ba ta farfaɗowa. A nome ciyawar gefen gona, da ta maƙwabci ma in ya yarda.

Baba na ga ka ɗaga hannu, bismillah.