Amsoshin Tambayoyinku: Shin Metal Gear Solid 2 ya cancanci yabon da ake yi masa?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku ne a gabana yau, dukkansu a kan wasan bidiyon nan Metal Gear Solid 2: Sons of Liberty, don haka zan amsa su a zama ɗaya. Wanda bai buga wasan ba, kuma yake son ya gano labarin da kansa, ya sani cewa zan taɓo ƙarshensa.

Wasiƙar farko daga wani matashi take. Yana cewa: "Kullum ina jin ana sa wannan wasa a sahun gaba na wasannin sanɗa. Na same shi a cikin tarin Master Collection da aka sake fitarwa don na'urorin yanzu, na buga na awa biyu, sai na ga kyamara tana kallo daga sama, maɓallan kuma sun ƙi zama mini a hannu. Yabon nan na gaskiya ne, ko kuwa manya ne ke kewar ƙuruciyarsu?"

To ƙanina, kamfanin Konami ne ya fitar da wasan a watan Nuwamba na 2001 a Amurka da Japan, a kan PlayStation 2, ƙarƙashin jagorancin Hideo Kojima, shekara uku bayan na farko da ya fito a 1998. Turai ba ta same shi ba sai Maris na 2002. A shafin Metacritic, inda ake tattara makin masu sharhi, yana da 96 cikin 100, kuma an sayar da kwafi sama da miliyan 7. Amma ba da waɗannan alƙaluma zan kare shi ba. Da masu gadin cikinsa zan kare shi.

Ka lura da sojan da ke sintiri a gabanka. Yana ɗauke da oba-oba, wasunsu kuma lokaci-lokaci sukan kira hedikwata su ce komai lafiya. Idan ka kwantar da irin wannan, aka kira shi aka ji shiru, sai a turo wasu su duba. Idan kuwa an gan ka ka tsere, ba su komawa bakin aikinsu haka kawai: rukuni ne guda yake shigowa, wasu da garkuwa, su bi ɗaki kusurwa-kusurwa, har kabad ɗin ƙarfen da ka ɓuya a ciki suna iya buɗewa. Saboda haka kayar da mutum ɗaya farkon aiki ne. Sai ka ja shi ka ɓoye, ko ka harbe oba-obar da ke jikinsa tun kafin ya yi kira. Ka shigo daga cikin ruwan sama, sawunka na jiƙa ƙasa a bi ka. Inuwarka tana iya tona maka asiri a kwana. Ka daɗe a cikin sanyi, atishawa ta kama ka a lokacin da ba ka so. An kuma ba ka bindigar allurar barci, ta yadda za ka iya kammala wasan ba ka kashe ko mai gadi ɗaya ba. A 2001 wannan abin mamaki ne, kuma ni har yau idan na laɓe a kabad ina leƙe ta ramukan ƙofa, ina jin takun sojoji na matsowa, sai in ji na riƙe numfashi.

Batun maɓallai kuwa, kana da gaskiya, kuma akwai dalili. Maɓallan PlayStation 2 suna jin nauyin yatsa: ka danna ka ɗaga bindiga, ka saki a hankali ka sauke ta ba tare da harbi ba. Na'urorin yanzu ba su da wannan, dole aka sake tsarin, shi ya sa kake jin kamar ka ari takalmin wani. Kyamarar ma an gina ta ne tare da ƙaramar taswirar da ke saman allo, wadda ke nuna inda idon kowane mai gadi yake kallo. Idonka ya riƙa komawa can, ka riƙa manne wa bango kana leƙa kwana, za ka ga abin ya fara sauƙi.

Wasiƙa ta biyu ta fi zafi. Wani bawan Allah da ya buga wasan tun fitowarsa ya rubuto: "An yaudare mu. A talla Solid Snake aka nuna mana, muka saya, bayan ɗan lokaci aka ƙwace shi aka ba mu wani yaro mai farin gashi wai shi Raiden. Ta yaya za a yabi wasan da ya fara da ƙarya?"

Malam, ban ga laifinka ba. Bidiyon da aka nuna a baje kolin wasanni na E3 na 2000 Snake ne a cikinsa, wato jarumin wasan farko. Ɗanɗanon wasan da aka haɗa da wani wasa mai suna Zone of the Enders a 2001 shi ma Snake ne, a kan jirgin ruwan dakon mai a kogin Hudson na birnin New York. Da gangan aka ɓoye Raiden, alhali shi ne ke ɗauke da mafi yawan wasan, a tashar nan ta tsakiyar ruwa mai suna Big Shell.

Sai dai ina roƙonka ka sake duba wane ne Raiden. Soja ne da yake alfahari da horon da ya samu a kwamfuta, har da kwaikwayon aikin da Snake ya yi a Shadow Moses, wato wasan farko. Wa kuma ya yi wannan horon? Kai da ni, da muka buga na 1998 muka ɗauka mun zama Snake. Can gaba sai a bayyana cewa abubuwan da ke faruwa a Big Shell an tsara su ne su yi kama da na Shadow Moses: ga 'yan ta'adda masu baiwa iri-iri, ga wani ninja da ke ɓullowa, ga Kanar da ke ba da umarni ta waya. Masu jan zaren, waɗanda ake kira Patriots, suna gwada ko za a iya juya mutum ta hanyar zaɓar masa abin da zai gani da abin da zai ji. An yi wa Raiden haka a cikin labari, an yi mana haka a talla. Ina ganin wannan ƙarfin hali ne da ba kasafai ake samunsa ba a wasan da aka zuba wa kuɗi masu yawa, domin hanya mai sauƙi ita ce a ba jama'a abin da suka riga suka so. Ga kuma wata riba: da yake kana kallon Snake daga waje, yana taimakonka da sunan Pliskin, girmansa ya fi fitowa fiye da lokacin da kai ne ke sa shi yin kuskure.

Ban ce komai ya yi daidai ba. Kiran da budurwarsa Rose take yi wa Raiden a tsakiyar aikin kwance bam, tana tambayarsa ko ya tuna wace rana ce gobe, yana gajiyar da mutum. Sassan Big Shell sun yi kama da juna, ana ta kai da komowa a kan gadoji iri ɗaya, kuma wurin da kake jan wata yarinya mai suna Emma a hannu yana da jinkiri. Jirgin ruwan farko ya fi shi kyan tsari nesa ba kusa ba.

Ta uku daga wata 'yar'uwa ce, gajeriya: "Da gaske ne wasan ya hango abin da intanet za ta zama? Kuma me ya sa surutu ya yi yawa haka?"

'Yar'uwa, kusa da ƙarshe ana gano cewa Kanar ɗin nan ba mutum ba ne, ƙirƙirarriyar basira ce. Hujjar da yake kawowa ita ce, a zamanin kwamfuta ba abin da ke ɓacewa: jita-jita da ƙarya da shirme duk suna taruwa, kowa ya koma cikin 'yan tsirarun da suka yarda da shi, ya daina jin kowa, don haka wai dole a samu mai tace wa mutane gaskiya. An rubuta wannan kafin Facebook da ya zo a 2004, kafin YouTube na 2005, kafin Twitter na 2006. Ba duba ba ne, lura ce ta mutanen da suka kalli inda abubuwa suka dosa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne an sa maganar a bakin azzalumi, ta yadda za ka yarda da ciwon da ya faɗa amma ka ji tsoron maganin da ya kawo.

Surutu kuwa ya yi yawa, wannan ba gardama. Wasan da ya koya maka abubuwa da yawa ta hanyar yatsunka, da ya zo kan babbar maganarsa sai ya ajiye ka kana kallon fuskoki biyu suna ta bayani na tsawon mintuna. A nan ne nake rage masa maki. Akwai kuma wani giɓi da ba laifin marubuta ba ne: bayan harin 11 ga Satumba 2001, wata biyu kafin fitowar wasan, an cire wurin da katafaren jirgin Arsenal Gear yake kutsawa cikin Manhattan. Shi ya sa za ki ga kamar an yi tsalle, daga teku sai ga Raiden da Solidus, shugaban 'yan ta'addan, a saman ginin Federal Hall da takubba.

Ƙanina mai wasiƙar farko, ka koma jirgin ruwan nan ka sake buga shi daga farko, ka ɗaura niyyar kada mai gadi ko ɗaya ya gan ka, sannan ka rubuto mana yadda ta kaya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.