Talakan Ingila na zamanin da ko mai albashin yau: wa aka fi tatsa?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Akwai maganar da ke yawo a Facebook, wai manomin Turai na shekaru ɗari bakwai da suka wuce ya fi mu hutawa, tunda kwana uku kawai yake yi wa ubangidansa aiki a mako. Nura ya hau kanta ya zauna.

Nura: To ƙarya ne, Anti Hadiza? Ni tun albashi bai shigo ba an yanke haraji. In na je kanti, ga harajin sayen kaya na VAT kashi 7.5 cikin ɗari. Shi kuwa kwana uku, shi ke nan.

Malam Kabiru: Wa ya ce maka shi ke nan? Bari mu ɗauki Ingila. A 1066 William na Normandi ya ci ƙasar da yaƙi, ya ce duk tasa ce. Ya yanka wa manyan mayaƙansa da coci, su kuma su kawo masa mahaya in yaƙi ya tashi. A 1086 ya aika aka ƙirga garmuna, shanu, aladu da wuraren niƙa gari-gari, aka haɗa kundin da ake kira Domesday, don ya san abin da zai karɓa. Can ƙasan tsani manomin naka yake. Kwana biyu ko uku a gandun ubangida, in kaka ta yi a ƙara masa, lokacin da hatsinsa ma ke jiran girbi. Coci ta ɗauki ushiri. Zai aurar da 'yarsa, sai ya biya. Ya mutu, ubangida ya zo ya zaɓi dabbar da ta fi kyau a garken.

Hadiza: Ana zaman makoki a zo a ja saniya?

Malam Kabiru: Ƙwarai kuwa. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne batun niƙa. Dole ka kai hatsinka wurin niƙan ubangida, ya ɗebi rabonsa. A garin St Albans, mutane suka riƙa niƙa a gida da dutsen niƙa na hannu. Shugaban gidan ibadar da ke mallakar garin ya sa aka ƙwace duwatsun, ya daɓe ɗaki da su, ana takawa. Da bore ya tashi a 1381, mutanen gari suka shiga ɗakin, suka tono duwatsun, suka farfasa, kowa ya tafi gida da gutsurensa. Kimanin shekara hamsin abin na cin su.

Nura: To Malam, me yake samu a madadin duk wannan?

Malam Kabiru: Fili na noma, wurin kiwo na gari, da alkawarin kariya. Akwai kotu, amma ta ubangida ce, tarar ma aljihunsa take shiga. Da ruwan sama ya lalata amfani aka shiga yunwar 1315 zuwa 1317, mutane suka yi ta mutuwa. Ba'ingilen yau yana biyan VAT kashi 20 cikin ɗari, ya fi naka nesa ba kusa ba, amma tun 1948 yake ganin likita ba tare da an ce ya ajiye kuɗi ba.

Nura: Yauwa, nan nake jiranka. Wannan Ba'ingile ne. Ni a unguwarmu mu muka haɗa kuɗi muka haƙa rijiyar burtsatse. Janareta nawa, mai nawa, 'yan sintiri kuma duk wata sai an bi gida-gida. Na biya gwamnati, na dawo na biya kaina.

Malam Kabiru: Wannan kukan gaskiya ne, ba zan musa ba. Amma kukanka shi ne an karɓa ba a yi aiki ba. Shi manomin can ko bakin tambaya ba shi da shi. Kai gobe kana iya ajiye aikinka ka koma Legas. Shi in ya bar ƙauye babu izini, biyo shi za a yi a maido shi, sai fa in ya ɓuya a birni shekara guda da kwana ɗaya ba a kama shi ba.

Hadiza: To me ya tayar da boren da ka ambata?

Malam Kabiru: Annoba ta 1348 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar. Ma'aikata suka yi ƙaranci, lada ya tashi, sai a 1351 aka yi doka ta danne shi. Ana cikin haka aka ƙaƙaba harajin kai don yaƙi da Faransa: kobo huɗu na kuɗinsu a 1377, a 1380 ya koma goma sha biyu. Wat Tyler ya jagoranci jama'a har Landan. Sarki Richard na Biyu, yaro ɗan shekara 14, ya yi musu alkawarin 'yanci. Da aka kashe Tyler, ya janye.

Hadiza: Harajin kai! Kakana na ba da labarin yadda magidanta ke kwana a daji in mai unguwa ya fara zagaye. Sai 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali.

Malam Kabiru: Kuma ƙuri'a ce ta kawo su. A Ingila ma, Firaminista Margaret Thatcher ta dawo da irinsa a 1990, aka yi tarzoma a Landan a watan Maris, kafin shekara ta ƙare ta sauka daga mulki, wanda ya gaje ta ya soke shi. Ba a fille kan kowa ba.

Nura: Na ji. Amma batun tafiya inda kake so, Malam, je ka nemi bizar Ingilar ka gani.

Hadiza: Wannan kuma shiri ne guda, mu bar shi sai mako mai zuwa. A huta lafiya.