Wa Zai Biya Kuɗin Binciken Abin da Ke Yawo a Wayoyinmu?

Assalamu alaikum. Iyayenmu sarakuna, malamai, alhazan kasuwa da kuka taru yau a nan Agege, barkanmu da war haka.

Duk mazaunin Mile 12 ko Idi-Araba ya san yadda saƙon murya ɗaya ke tayar da unguwa. Da la'asar a ce an taɓa 'yan Arewa a wuri kaza, kafin magariba an rufe rumfuna ana neman motar Kano. Wa ya fara turo shi? Me ya sa muka yarda nan take? Sai an yi bincike za a sani, bincike kuwa kuɗi yake ci.

A Amurka, Gidauniyar Knight ta ware dala miliyan 50 a 2019 domin nazarin yadda fasahar sadarwa ke shafar dimokuraɗiyya. A nan gida, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya da ci gaba ta CDD da ke Abuja da Jami'ar Birmingham ta Ingila sun bibiyi WhatsApp lokacin zaɓen 2019 a Kano da Oyo, suka ga yadda 'yan siyasa ke ɗaukar matasa aikin yabo da ɓatanci, waɗanda Kanawa ke kira sojojin baka. To wa ya biya? Kamfanin WhatsApp ɗin da kansa. Aikin ya yi kyau, ban musa ba. Amma mai kuɗi shi ke zaɓen tambaya, ran da ya janye hannu kuma aiki ya tsaya.

Ga abin da ya fi damuna. Saƙon WhatsApp a kulle yake, kamfanin ma ba ya jin sa. Namu kuma yawanci murya ce, cikin Hausa, da habaici da karin magana. Kwamfuta a Landan ba za ta gane shi ba. Sai ɗanmu da zai zauna a majalisa, a tasha, a wurin mai shayi, wata da watanni yana sauraro.

Alhazai, kuna gina masallatai, kuna haƙa rijiyoyi, Allah Ya saka da alheri. Hadisin da ya ambaci sadaka mai gudana shi ya ambaci ilimi mai amfani. Ku haɗu ku ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya a Jami'ar Legas ko Bayero na shekara biyu. Sharaɗi biyu nake roƙo: kada ku faɗa masa abin da zai gano, ko da ya taɓa jam'iyyarku, sannan a rubuta sakamakon da Hausa, a karanta a rediyo.