Daga Kwalejin Shekara Biyu Zuwa Makarantar Likitanci a Amurka

Assalamu alaikum. Akwai tambayar da 'yan uwanmu mazauna Amurka ke yawan yi. Yaro ya gama sakandare, burinsa ya zama likita, amma kuɗin jami'a ya fi ƙarfin gidan, ko kuma bai daɗe da zuwa ƙasar ba, Turancinsa bai gama zama ba. Sai ya shiga kwalejin al'umma, ƙaramar kwalejin nan ta shekara biyu da ke kusa da gida. Shin ya rufe wa kansa ƙofar likitanci ke nan?

Bai rufe ba. Mutane na bin wannan hanya kuma suna kaiwa. Sai dai akwai wuraren da ƙafa ke zamewa, kuma galibi ba a gane su sai an wuce.

Mu fara da tsarin, don ya sha bamban da na gida. A Najeriya, ɗalibi na rubuta JAMB, ya shiga likitanci kai tsaye, ya yi shekara shida ya fito da MBBS. A Amurka kuwa sai ka fara yin digirin farko na shekara huɗu, a kowane fanni ka ga dama, ko tarihi ne, muddin ka haɗa da darussan da ake buƙata. Daga nan ka nemi makarantar likitanci, ka yi wata shekara huɗu, sannan horo a asibiti na shekara uku zuwa bakwai. To kwalejin al'umma tana tsaya maka ne a madadin shekara biyun farko na wancan digiri. Ka gama, ka ɗauki darussanka ka koma jami'a ka ƙarasa.

Mu ɗauki misali da Bronx a birnin New York, inda Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa. A ce yarinya ce ta shiga Kwalejin Hostos ko Kwalejin Al'umma ta Bronx. Dukansu biyu suna ƙarƙashin jami'ar birnin, CUNY, don haka komawa Lehman ko Hunter ko City College bayan shekara biyu hanya ce da aka saba bi. A Kalifoniya ma akwai yarjejeniyar da ake kira TAG, wadda rassa shida na Jami'ar Kalifoniya, ciki har da Davis da Irvine, ke ba ɗalibin kwalejin al'umma tabbacin gurbi idan ya cika sharuɗɗa.

Yanzu ga maganar da ta sa na yi wannan bidiyo, don Allah a buɗe kunne. Makinka na ranar farko yana bin ka har ƙarshe.

Yawancin makarantun da ke ba da digirin MD, wato digirin likita da aka fi sani a Amurka, ana neman su ne ta tsari ɗaya mai suna AMCAS. Idan ka zo cike fom ɗinsu, za ka zauna ka rubuta kowane darasi da ka taɓa ɗauka a kowace kwaleji a Amurka, ɗaya bayan ɗaya, da makinsa, kuma kowace makaranta sai ta aika musu takardar sakamakonka da kanta. Ba a tsallake ko ɗaya. A ce yarinyar nan a zangonta na farko tana aikin dare a kanti, mahaifiyarta ba lafiya, ta faɗi kemistiri, ta samu F. Zango na gaba ta maimaita ta samu A. Kwalejinta na iya goge F ɗin daga lissafi, ta ga sakamakonta ya yi fes, hankalinta ya kwanta. AMCAS ba ya gogewa. Zai lissafa duka biyun, F sifiri ne, A huɗu ne, sai darasin ya tashi a matsayin biyu, kamar ta samu C sau biyu. Makarantun da ke ba da ɗaya digirin likitan mai suna DO, waɗanda ake nema ta nasu tsarin mai suna AACOMAS, a da suna yarda da maye gurbin maki, amma sun daina tun 2017. Kuma ban da jimillar makinka gaba ɗaya, ana ware makin bayoloji da kemistiri da fiziks da lissafi a lissafa shi daban, kuma shi ake fi zuba wa ido.

Wannan abu yana ci mini rai, saboda ɗalibin da iyayensa likitoci ne ya san shi tun yana sakandare, namu kuwa sau da yawa sai ya kai shekarar ƙarshe a jami'a yake ji. Saboda haka idan zango ya yi maka nauyi, ka rage darussa tun da wuri. Idan kuma ka ga darasi zai kayar da kai, ka janye kafin wa'adin janyewa ya wuce. Harafin W na janyewa ba ya shiga lissafin maki. Guda ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ne, muddin dai bai zama ɗabi'a ba.

Sai batun darussan dole. A al'ada ana son shekara guda ta bayoloji, shekara guda ta kemistiri na gama-gari, shekara guda ta oganik kemistiri, shekara guda ta fiziks, duka da aikin ɗakin gwaji, sannan bayokemistiri da Turanci, wasu makarantu su ƙara lissafi ko ƙididdiga. A ina ya kamata a yi su? Makarantu da yawa suna karɓar waɗanda aka yi a kwalejin al'umma, wasu suna karɓa amma sun fi son na jami'a, wasu kuma sai sun duba kowane mutum da yanayinsa. Ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, tana da kundi a intanet mai suna MSAR wanda ke nuna matsayin kowace makaranta. Ka duba shi tun shekarar farko.

Ni a ganina, kada ka jinkirta kimiyya gaba ɗaya wai sai ka je jami'a, don sai ka tara wa kanka kaya a shekara biyu kacal. Ka yi bayoloji da kemistiri na farko a kwalejin, ka ci su da kyau. Idan ka koma jami'a, ka ɗauki manyan darussa irin su bayokemistiri da ilimin ƙwayoyin halittar gado da ilimin aikin gaɓoɓin jiki, ka ci su kamar yadda ka ci na baya. Abin da masu tantancewa ke dubawa ke nan: wanda ya samu A a can, da ya zo nan, ya riƙe ko ya zube? Zangon farko bayan komawa jami'a shi ne mai haɗari. Aji ya ƙaru daga mutum talatin zuwa ɗaruruwa, malami bai san sunanka ba, gudu ya ƙaru. Kada ka cika wa kanka darussa a wannan zango.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai hawa a hanyar. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a mujallar Academic Medicine ya gano cewa waɗanda suka fara da kwalejin al'umma ba su kai sauran samun gurbi ba, ko da yake sun fi nuna niyyar yin aiki a unguwannin da ke fama da ƙarancin likitoci. Dama fiye da rabin masu neman MD a kowace shekara ba sa samu. Abin da ke daidaita ka da kowa shi ne jarrabawar shiga makarantar likitanci, wato MCAT, tunda ɗan Harvard da ɗan Hostos takarda ɗaya suke rubutawa. Tana cin kusan awa bakwai da rabi, sashe huɗu gare ta, maki daga 472 zuwa 528, kuma matsakaicin makin waɗanda ake ɗauka yana wajen 511 zuwa 512. Sashen karanta dogon rubutu da fahimtarsa, wanda ake kira CARS, shi ya fi wahalar da wanda Turanci ba harshen gidansu ba ne. Hadda ba ta aiki a nan. Karatu mai yawa ne maganinsa, kuma tun yau ake farawa.

Kwalejin al'umma tana da nata alheri da ake mantawa. Aji ƙarami ne, malamar kemistiri ta san fuskarka, ta san ka zo ofishinta da tambaya. Ka riƙe wannan zumunci, domin wasiƙar shaida daga wanda ya san ka da gaske ta fi ta babban farfesan da bai taɓa magana da kai ba. Sannan da yawa daga kwalejojin suna koyar da gajerun kwasa-kwasai kamar ɗibar jini ko aikin motar ɗaukar marasa lafiya. Da wannan takarda kana samun abin kashewa, kana kuma tara sa'o'in hulɗa da marasa lafiya da makarantu ke nema. Idan kana yi wa wata tsohuwa tafinta da Hausa a asibiti, ka rubuta ranar da awannin, wannan ma aiki ne da ake sakawa a fom.

Lokaci kuma a kula da shi. AMCAS na buɗewa a watan Mayu, ana fara miƙawa ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, don shiga makaranta a shekara mai zuwa, kuma makarantu da yawa suna cike guraben ne a hankali yayin da takardu ke isowa. Wanda ya koma jami'a a shekara ta uku, in yana son wucewa ba hutu, shekara ɗaya tak zai yi ya nema. Bari sai ka gama digiri ka nema, kana aiki a tsakani, ba faɗuwa ba ce, ɗalibai da dama haka suke yi.

Batun kuɗi da takardu. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi tallafin AAMC na rage kuɗin jarrabawa da na fom, kuma kafin ya biya ake nema, don ba sa mayar da abin da aka riga aka biya. Makarantar likitanci ta Albert Einstein da ke nan Bronx ta daina karɓar kuɗin karatu daga 2024, bayan kyautar dala biliyan ɗaya daga Ruth Gottesman. Amma wanda ya zo da bizar karatu, ba shi da takardar zama ta dindindin, ya sani makarantun da ke ɗaukar irinsa kaɗan ne, kuma ba ya samun bashin karatu na gwamnatin tarayya. Idan wannan ne halinka, ka buɗe MSAR ka fitar da sunayen waɗannan makarantu tukuna, ka ga abin da kowace ke nema, kafin ka zaɓi darussan zango mai zuwa.