Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Sa Naman Sa Ya Yi Duhu?

Wani mahauci daga Runjin Sambo a nan Sakkwato ya rubuto mana cewa ya yanka bijimai biyu rana ɗaya, dukansu bokolo, amma naman ɗaya ya fito jawur, na ɗayan kuwa ya yi duhu ya yi tauri, har masu saye suna tsallake shi. Yana tambaya ko jini ne bai gama tsiyaya ba.

To Malam, ba jini ba ne. Launin nama yana fitowa ne daga wani furotin mai suna mayogulobin, wanda ke ɗauke da sinadarin ƙarfe, kuma aikinsa ajiye iskar oksijin a tsoka. Ka sha gani da idonka: sabon yanka ja ne mai duhu, idan ya sha iska a kan tebur sai ya yi haske, idan ya daɗe kuma ya koma ƙasa-ƙasa.

Amma bambancin bijiman nan ya faro ne tun kafin a sa wuƙa. Idan sa ya firgita, ko ya sha doguwar tafiya a mota daga kasuwar Illela, ga duka ga ƙishirwa, jikinsa yana sakin adirenalin. Wannan sinadari ba ya shiga cikin ƙwayar halitta, a bakin ƙofa yake tsayawa, sai waɗansu furotin su karɓi saƙon suna miƙa wa juna ta hanyar manna sinadarin fosfet, har umarni ya kai cewa a ƙona sukarin da tsoka ta ajiye. Gano wannan hanya ta kunna furotin da kashe shi ne ya ba masana kimiyya Edmond Fischer da Edwin Krebs kyautar Nobel a 1992.

Bayan yanka, sukarin nan ne yake rikiɗewa ya zama tsami, ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda ke raguwa idan tsami ya ƙaru, ya sauka daga kusan 7 zuwa 5.5 cikin awa 24, naman ya yi haske. Sa da ya galabaita kuwa ya riga ya cinye ajiyarsa, don haka ma'aunin yakan tsaya a sama da 6, naman ya riƙe ruwa, ya yi duhu, kuma ya fi saurin lalacewa, abin da ba wasa ba ne a zafin bazarar Sakkwato.

Shawararmu ita ce kada ka yanka sa a ranar da aka sauke shi. Ka ɗaure shi a inuwa da ruwa da harawa, domin tsoka takan ɗauki kwanaki kafin ta mayar da sukarin da ta ƙona.