Ɗan ƙasa da ɗan Tarayyar Turai: makullin yana hannun wa?

Assalamu alaikum. Jama'a, na gode da kuka daure kuka zauna har wannan lokaci.

Wanda ya taɓa riƙe fasfon Faransa ya ga yadda bangonsa yake: sunan Tarayyar Turai a sama, sunan Jamhuriyar Faransa a ƙasansa. Mai kallo zai ɗauka na saman shi ne babba. To a doka ba haka abin yake ba.

Yarjejeniyar Maastricht, wadda aka sa wa hannu a 1992 ta fara aiki a 1993, ita ta ƙirƙiro zama ɗan Tarayya. Ƙa'idar gajeriya ce: duk ɗan wata ƙasa cikin ƙasashen ƙungiyar, ɗan Tarayya ne kai tsaye, kuma wannan ƙari ne a kan zamansa ɗan ƙasarsa, ba ya maye gurbinsa. Babu ofishi a Burasal, hedkwatar Tarayyar, da za ka je ka cike takarda a ba ka. Sai wata ƙasa ta karɓe ka tukuna.

Kada mu raina abin da ake samu. Ɗan Fotugal zai tashi da katin shaidarsa kawai ya sauka a Jamus, ya nemi aiki, ya kama haya, ya kawo iyalinsa. Zai jefa ƙuri'a a zaɓen ƙaramar hukumar da yake zaune da na Majalisar Turai, har ya tsaya takara. Zaɓen majalisar ƙasa kuwa, wannan sai 'yan ƙasa.

Amma ku lura da sharaɗin, domin nan ne mutane suke ruɗuwa. Dokar Tarayyar ta 2004 ta ba shi zaman wata uku ba tare da an tambaye shi komai ba. Bayan nan dole ya zama mai aiki, ko mai sana'ar kansa, ko ya nuna yana da abin riƙe kansa da inshorar lafiya. Sai ya cika shekara biyar yake samun zama na dindindin. A 2014 Kotun Tarayyar ta yanke hukunci a kan wata 'yar Romaniya da ke zaune a Leipzig, ba ta aiki ba ta neman aiki, cewa Jamus tana da ikon hana ta kuɗin tallafi. Wannan abu yana damuna, wallahi. 'Yancin da aka ce na kowa ne, in ka bi shi a hankali sai ka tarar ya fi buɗe wa mai hannu da shuni da mai ƙarfin aiki.

Kotun ta yi ƙoƙarin taka wa ƙasashe burki. A 2010, kan wani ɗan Austiriya da ya karɓi takardar zama ɗan Jamus, ta Austiriya ta kuɓuce masa, sannan Jamus ta ƙwace tata saboda ya ɓoye gaskiya, kotun ta ce ƙwacewar tana iya halatta, amma dole a auna girman laifin da girman asarar. A 2025 kuma ta ce wa Malta ba ta da ikon sayar da zama ɗan ƙasa ga masu kuɗi, domin ƙofar ƙasashe 27 take sayarwa, ba tata kaɗai ba.

Duk da haka makullin bai bar hannun ƙasa ba, kuma ficewar Birtaniya ranar 31 ga Janairu 2020 ta nuna mana haka ƙarara. Akwai wata 'yar Birtaniya da ke zaune a Faransa tun 1984. Dokar Birtaniya ta hana ta jefa ƙuri'a a zaɓen raba gardama na 2016 kan ficewar, saboda ta wuce shekara 15 a waje. Da aka fice, sai aka goge sunanta daga rajistar masu zaɓe a garin da take. Ta kai ƙara, a 2022 kotu ta ce ƙasarta ta fita, ita ma ta fita. Ku tsaya ku duba wannan mata: can ba a tambaye ta ba, nan an cire ta. Ni a ganina zalunci ne, ko da doka ta amince da shi, domin haƙƙin da mutum ya gina rayuwarsa a kai shekara da shekaru bai kamata ya rushe da shawarar da ba a sa shi a ciki ba.

ECOWAS ma tana da irin wannan tsari: yarjejeniyar 1979 ta ba da shiga ba biza na kwana 90, ta 1982 ta fayyace wane ne ɗan ƙungiyar. Da Mali da Burkina Faso da Nijar suka fice a Janairun 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfonsu da barin su zirga-zirga har sai an ji wata sanarwa. Alheri ne, amma sanarwa ce ta riƙe shi, kuma wata sanarwar tana iya janye shi.

A nan zan dakata, mai tambaya ya ɗaga hannu.